Yadda za ka saka yaronka a kulob ɗin ƙwallon ruwa, daga koyon iyo zuwa gasar farko

Ranar da babban ɗana ya dawo daga darasin iyo riƙe da wata 'yar takarda, yana cewa malaminsu ya ce ya zo ya gwada "folo", dawakin Katsina ne suka fara faɗo mini a rai. Mu da muka taso muna jin labarin Sarki Usman Nagogo da gwanintarsa a ƙwallon dawaki, ina muka san akwai wani folo da ake yi a cikin ruwa? Na ce masa, "Kai, ina za mu samo doki a garin nan?" Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Shekararsa tara a lokacin, muna zaune a arewacin Ingila. Yau shi da ƙanwarsa duk suna cikin kulob, ni kuma na zama direba, mai shanya tawul, mai zaman benci cikin warin kulorin, maganin nan da ake tsabtace ruwan iyo da shi, sau uku a mako.

Na rubuta wannan ne saboda iyaye irina da zama ya kai su inda wasan yake da kulob-kulob: Ingila, Italiya, Jamus, Sifaniya, Amurka, Ostireliya, Masar, Afirka ta Kudu. Yawancinmu ƙwallon ƙafa muka sani, in yaro ya kawo zancen wani wasa sai mu rasa ta inda za mu ɓullo masa.

Ka fara sanin inda za ka tura shi

Mutum bakwai ne a kowane ɓangare, shida 'yan wasa da gola ɗaya. Raga biyu ne a kan ruwa, faɗin kowace mita 3, tsayinta daga saman ruwa santimita 90. Da hannu ɗaya ake kama ƙwallo a jefa, gola ne kaɗai ke da izinin sa hannu biyu. Wasan manya zango huɗu ne, kowane zango minti 8, kuma agogo na tsayawa duk lokacin da aka busa usur, don haka yakan kai kusan awa guda. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da kimanin rabin minti ta kai hari, in ba ta jefa raga ba a karɓe a ba abokan hamayya.

Abin da mai kallo a talabijin ba ya lura da shi shi ne babu mai taka ƙasa. Zurfin ruwan ba ya gaza mita 1.8. Duk kokawar nan da jifan nan da tsallen da gola ke yi har cibiyarsa ta fito, ƙafa ce ke riƙe da mutum a cikin ruwan da ya fi ƙarfin tsayinsa. Ka riƙe wannan, don duk abin da zan faɗa a ƙasa a kansa yake tsaye.

A Birtaniya wasan ya samo asali a ƙarshen ƙarni na 19, ya shiga gasar Olamfik tun 1900 a Faris, amma sai a 2000 a Sidini aka buɗe wa mata. Hangari ce uwa ma ba da mama, zinare tara gare ta a ɓangaren maza. Sabiya ta lashe uku na baya-bayan nan a jere, a Riyo da Tokiyo da Faris. A ɓangaren mata Amurka ta ci uku a jere daga 2012, kafin Sifaniya ta karɓa a 2024.

Mataki na farko: ruwa kafin ƙwallo

Nan ne iyaye suka fi yin gaggawa, ni ma na yi. Yaro ya ga ƙwallo ruwan ɗorawa yana yawo a kan ruwa, ya ƙyalla ido, kai kuma kana ganin ai ya iya iyo tunda yana kai wa bango ya dawo. Iyon da ake yi a layi, kai a cikin ruwa, babu mai taɓa ka, daban yake da iyon da za ka yi wani na jan kafaɗarka, ruwa na fantsama a hancinka, koci na ƙwala maka kira.

Kafin ka nemi kulob, kai shi kwamin ninƙaya na unguwa a lokacin da mai ceto ke bakin aiki, ka duba abu huɗu da idonka. Zai iya ninƙayar mita 50 ba tare da ya kama bango ko igiya ba? Zai iya tsayawa wuri ɗaya a ɓangare mai zurfi na minti ɗaya ko biyu, kansa a sama, ba tare da ido ya raina fata ba? In ya faɗa ruwa mai zurfi daga baki, yana tasowa cikin natsuwa? Na huɗun shi ne wanda na fi ba muhimmanci: ka watsa masa ruwa a fuska ba zato. In ya goge ya ci gaba, madalla. In ya firgita ya nemi bango, da sauransa, a ƙara masa wata shida na darasin iyo. Babu abin da zai rasa.

A Ingila darussan iyo na hukumar Swim England hawa-hawa ne. Hawa na 1 zuwa na 7 su ne ginshiƙi, daga na 8 zuwa na 10 kuma ake fara ɗanɗana wa yaro rassa, har da ƙwallon ruwa. In ɗanka ya kammala hawa na 7, yawancin kulob za su karɓe shi hannu bibbiyu.

Wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu: da yawa cikinmu iyaye ba mu iya ruwa ba. An tsorata mu da kududdufi da rafi tun muna ƙanana, kuma da dalili. In ban da mutanen bakin kogi irin Kabawan Argungu da ke kama agwagwar ruwa da hannu a lokacin bikinsu, yawancinmu daga nesa muke gaida ruwa. Yaro na karanta tsoro a fuskar uwarsa. In kin san za ki riƙa miƙewa tsaye kina salati duk lokacin da kansa ya nutse, ki zauna can baya a makonnin farko, ko ki bar babansa ya kai shi.

Mataki na biyu: shekaru nawa?

Akwai wasan ƙanana da ake yi a ruwa marar zurfi, da ƙaramin ƙwallo mai laushi da ƙananan raguna, ba a yarda da riƙe juna ba. A Amurka hukumar USA Water Polo tana kiran nata Splashball, na 'yan shekara 5 zuwa 9. A Ingila ana ce masa mini folo, a Italiya kuma akwagol. Wannan wasa ne kawai, kada ka sa rai da wani horo a ciki.

A ganina tsakanin shekara 9 zuwa 12 ne lokacin da ya fi dacewa yaro ya shiga kulob sosai. Ana raba su rukuni-rukuni, 'yan ƙasa da 10, da 12, da 14, da 16, da 18, kodayake wasu ƙasashen da shekarun mara suke lissafi. A wurare da dama maza da mata tare suke wasa har wajen shekara 12, daga nan a raba. Ka tambayi wannan tun ranar farko in yana cikin abin da ya dame ka.

Wanda ya kai 14 ko 15 fa? Bai makara ba, musamman in ya taɓa yin gasar iyo ko ƙwallon hannu ko na kwando. Masu gasar iyo da suka gaji da ƙirga tayil ɗin ƙasan kwami suna cikin sabbin shiga a waɗannan shekarun. Sai dai ya shirya wa wata uku na jin kunya, yara 'yan shekara 11 za su riƙa ƙwace masa ƙwallo suna wucewa. Dogo mai dogayen hannuwa sau da yawa raga ake tura shi. Bahago kuwa koci zai rungume shi, don ana neman masu jifa da hagu a gefen dama na fili, kuma ba su da yawa.

Mataki na uku: neman kulob

Ka shiga shafin hukumar wasannin ruwa ta ƙasar da kake, ka nemi jerin kulob masu rajista. Kalmar da za ka rubuta a intanet ta danganta da ƙasa: water polo a Ingila da Amurka, pallanuoto a Italiya, Wasserball a Jamus. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ka tambayi mai ceto ko malamin iyo a kwamin unguwarku, sun san wanda ke kama hayar ɓangare mai zurfi da daddare.

Sa'arka ta danganta da garinku. A Ingila Manchesta da Lankasta da Landan suna da tsoffin kulob. A Amurka Kalifoniya ce cibiya, har makarantun sakandare na da ƙungiyoyi. A Italiya wani ɗan ƙaramin gari ne kusa da Jenowa, Rekko, ke da kulob ɗin Pro Recco da ya fi kowa lashe kofin zakarun Turai. A Basalona akwai Barceloneta, kusa da ita kuma Sabadell da ta yi suna a wasan mata. Masu zaune a Alƙahira su duba manyan kulob irin Gezira da Heliopolis da Al Ahly. A Afirka ta Kudu kuwa makarantu ne ke riƙe da wasan a Kef Tawun da Johanasbag da Daban, kuma ƙasar ta kai maza da mata gasar Olamfik ta Tokiyo.

Kada suna ya ruɗe ka. Kulob ɗin da za ka iya kai yaro cikin minti ashirin a daren Talata mai sanyi ya fi maka wanda ya tara kofuna amma sai ka yi tuƙin awa guda. Mu da na nesan muka fara, saboda burga. Wata huɗu muka yi, ni na gaji, shi yana barci a mota da jiƙaƙƙen kai, aikin makaranta na taruwa. Muka dawo na kusa.

Mataki na huɗu: je ka kalla, kai kaɗai

Ka aika wa sakataren kulob saƙon imel ka ce kana so ka zo kallon horon rukunin ɗanka kafin ka kawo shi. Kulob na ƙwarai ba ya ƙin wannan. In aka ce iyaye ba sa shiga ko kallo, ka nemi dalili, in bai gamsar da kai ba ka kama gabanka.

Da ka zauna, bar kallon yaron da ya fi kowa iyawa. Nemi wanda ya fi kowa rauni, ka ga yadda koci ke yi da shi. Yana kiran sunansa? Yana gyara masa ko tsawa kawai yake yi? Sau nawa ƙwallo ya taɓa hannunsa cikin awa guda? Ɗanka ne zai zama wannan yaron mako mai zuwa. Na taɓa zama a wani wuri na ga yaro ya yi minti arba'in yana iyo daga bango zuwa bango shi kaɗai, sauran na wasa, babu wanda ya ce masa ci kanka. Ban koma ba.

Duba kuma ko akwai mai ceto a bakin ruwa ban da koci, da yawan yaran da ke hannun mutum ɗaya, da yadda ɗakin canza kaya yake. Sai tambayoyi. Kocin na da takardar shaidar horarwa? An tantance shi don aiki da yara? A Ingila akwai binciken DBS da ake yi wa duk mai aiki da yara, kuma kowane kulob mai rajista da Swim England dole ya kasance da jami'in kula da lafiya da mutuncin yara, ƙarƙashin tsarin da suke kira Wavepower. A Amurka SafeSport ne. Ka karɓi sunan wannan jami'in da lambarsa. Ka tambayi dokarsu kan ɗaukar hoto, da kan koci ya tura wa yaro saƙo kai tsaye a waya, da wanda ke kwana da yara in an yi tafiya. Mu Hausawa muna da kawaici, muna ganin irin wannan tambaya kamar zargi ce. Su kuwa sun saba, mai gaskiya ma daɗi yake ji.

Mataki na biyar: likita

A Italiya ba za a bar yaro ya shiga gasa ba sai da takardar likitan wasanni. A wasu ƙasashen fom kawai za ka cike. Ko ba a tilasta maka ba, ka faɗi gaskiya a fom ɗin: asma, farfaɗiya, ciwon kunne, matsalar zuciya a dangi. Akwai ɗaya da ya shafe mu fiye da maƙwabtanmu Turawa, wato sikila. Sanyin ruwa da gajiya mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki duk suna iya tayar da ciwon, kuma ruwan wasa bai wuce digiri 26 ko kusa da haka ba. Mai sikila kada ya fara sai likitansa ya amince ya kuma faɗi iyaka. Mai rukunin jini AS ma a sanar da likita da koci, a riƙa ba shi hutu da ruwan sha.

Mataki na shida: kaya, da maganar sutura

Ranar gwaji kayan iyo da tawul da silifas da gorar ruwa sun isa. Hula da ƙwallo kulob ke bayarwa. Hular tana da murfin roba a kan kunnuwa don kare dodon kunne daga bugun ƙwallo, ana ɗaure ta a haɓa, tana da lamba. Ɓangare ɗaya farare, ɗaya masu duhu, gola ja. Tabaran iyo ana sa shi lokacin ɗumama jiki kawai, da an fito da ƙwallo sai a cire, don in ƙwallo ya daki tabarau ido ne zai ji a jikinsa. Idon zai yi ja a makonnin farko, a wanke da ruwa mai tsabta. Robar kare haƙori ba tsada gare ta ba, ka saya, musamman in an sa wa yaro wayar gyaran haƙori.

In zai sayi nasa ƙwallon, lamba-lamba ne: 5 na manyan maza, 4 na mata da samari masu tasowa, 3 da 2 na ƙanana. Tambayi koci lambar rukuninsa. Ƙwallon da ya fi ƙarfin tafin hannu yana koya wa yaro mugun jifa, ya kuma gajiyar da kafaɗa.

Kafin kowane wasa alƙali na jera yara ya duba farcen hannu da na ƙafa. Mai dogon farce ba ya shiga sai ya yanke. Mu mun mayar da shi al'adar daren Alhamis, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ɗankunne, zobe, awarwaro, agogo, laya, duk a cire. Sannan doka ta hana shiga da mai ko wani abu mai santsi a jiki. Ranar wasan 'yata na farko mamanta ta mulke ta da man kaɗanya saboda kulorin na busar mata da fata, alƙaliya ta taɓa hannunta ta ce sai ta je ta wanke da sabulu. Ta shiga a makare tana hawaye. Man kaɗanya bayan an fito ne, bayan wanka.

Gashi kuma, a jiƙa shi da ruwan famfo kafin shiga don ya rage shan kulorin, a sa hular iyo ta roba a ƙarƙashin hular wasa. Kitso ƙanana da ke kwanciya ya fi. Mai yawan gashi akwai manyan huluna irin na Soul Cap, waɗanda hukumar iyo ta duniya ta amince da su a 2022 bayan ta hana su a gasar Tokiyo.

Sutura ita ce maganar da ke hana iyaye Musulmi da yawa ko leƙawa. Abin da aka saba shi ne maza su sa ɗan kamfai matsattse, mata su sa riga mai rufe ƙirji har wuya da zif a baya amma cinya a buɗe. Dalilin matsewar shi ne ana jan kaya a ƙarƙashin ruwa, abin da ya yi sako-sako hannu zai kama. Ɗana wando matsattse mai kaiwa gwiwa yake sawa, babu wanda ya taɓa ce masa uffan. 'Yata tana sa doguwar riga mai hannu da wando har idon sawu, masu kama jiki, a ƙarƙashin rigar kulob. Tun 2017 hukumar iyo ta Ingila ta sassauta dokar kayan gasa saboda addini ko lalura. Duk da haka ka yi magana da koci tun kafin ka biya kuɗi, ka roƙe shi ya tambayo masu shirya gasar da suke zuwa, a ba ka amsa a rubuce. Bakin ruwa, minti biyar kafin wasa, ba wurin jayayya da alƙali ba ne. Abin da gidanku zai iya ɗauka da wanda ba zai iya ba kuma, ku yanke shi da maman yara da ita yarinyar kanta, tun kafin ta shaƙu da ƙawaye.

Mataki na bakwai: wata ukun farko

Abu na farko da za a koya masa shi ne tuƙin ƙafa. Turawa sun sa masa sunan abin kaɗa ƙwai, mu a gida muna ce masa tuƙin maburgi, don kamar yadda ake burga miyar kuka yake. Yaro zai zauna a cikin ruwa kamar yana kan kujera, baya a miƙe, gwiwoyi a buɗe sun fi faɗin kafaɗa. Daga gwiwa zuwa ƙasa kowace ƙafa na zana da'ira tana shigowa ciki, ta dama na juyawa saɓanin hannun agogo, ta hagu na bin hannun agogo, kuma ba tare suke tafiya ba, in ɗaya ta fita ɗaya na shigowa. Tafin ƙafa a tanƙware, yatsu na kallon sama da waje, don cikin ƙafa da ƙwauri su ne ke tura ruwa ƙasa. In ya yi daidai, kai ba ya lilo sama da ƙasa, yana tsaye cak kamar an dasa shi.

A gida za ka iya taimaka masa ba tare da ɗigon ruwa ba. Ya zauna a bakin kujera ko tebur, ƙafafu na reto, ya yi da ƙafa ɗaya sau ashirin, ɗayar sau ashirin, sannan ya haɗa. Minti biyar kullum. A ruwa kuma ana farawa da hannuwa na taimakawa, sai a ɗaga tafin hannu sama da ruwa, sai gwiwar hannu, sai a miƙe hannu biyu sama. Ranar da ɗana ya yi sakan talatin hannuwansa a sama, ya fi murna da ranar da ya fara cin raga. Kuskuren da suka fi yi shi ne haɗe gwiwa da harba ƙafa biyu lokaci ɗaya irin na kwaɗo. In ya yi kukan ciwo a cikin gwiwa ko ƙugu, ya huta, a gaya wa koci.

Na biyu iyo da kai a sama, ƙwallo na tafiya a gaban fuska tsakanin hannuwa, igiyar ruwan da ƙirji ke turawa ce ke kai shi. Na uku ɗaukar ƙwallo: a zura hannu ta ƙarƙashinsa a ɗago, kada a danna shi daga sama, don nutsar da ƙwallo lokacin da abokin hamayya ya taɓa ka laifi ne. Na huɗu jifa: gwiwar hannu sama da kafaɗa, kafaɗar da ba ta jifa na kallon inda za a jefa, ƙarfin na tasowa daga ƙafa da juyin ƙugu. Bangon bayan gida ya isa wannan. Ya jefa ya cafe da hannu ɗaya, sau hamsin dama, sau hamsin hagu. Ka nisanta shi da tagar maƙwabta, na biya kuɗin gilashi sau ɗaya.

Sau biyu a mako ya isa mai farawa, in da hali a bar masa darasin iyo ɗaya a gefe. Zai sha ruwa, zai yi tari, zai dawo gida da yunwar da ba ka taɓa gani ba. Wajen mako na uku ko na huɗu zai ce ya fasa. Mu yarjejeniya muka yi tun farko: zangon horo ɗaya cikakke, in ya ƙare bai so, shi ke nan, ba faɗa. Ka bambance gajiya da tsoro. In yaro mai son zuwa ya koma ƙirƙiro ciwon ciki duk ranar horo, zauna da shi ka ji ko wani ne ke takura masa.

Abu ɗaya da za ka haramta masa da bakinka: gasar riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa. Yara na son ta, kuma tana sumar da ƙwararren mai iyo ba tare da ya yi ko motsin neman taimako ba.

Mataki na takwas: kuɗi da lokaci

Akwai rajistar shekara da hukumar ƙasa, wadda yawanci inshora ke ciki. Akwai kuɗin wata na kulob, mafi yawansa hayar kwami yake tafiya. Akwai kuɗin shiga gasa da kayan kulob. Wanda ba a faɗa maka kuma shi ne man mota da otal, don kulob ɗin ba su da yawa, abokan karawa na iya kasancewa tafiyar awa biyu ko uku. Ka nemi lissafin shekara gaba ɗaya tun farko. Tambayi ragin 'yan gida ɗaya da tallafin masu ƙaramin ƙarfi, kulob da dama na da shi amma ba sa shela. Ka shiga rukunin WhatsApp na iyaye, a riƙa karɓa-karɓar kai yara. Lokutan horo sukan zama marasa daɗi, can da daddare ko sassafen Lahadi, saboda masu gasar iyo sun riga sun kwashe masu kyau. Ka duba kada ya ci karo da Islamiyya.

Mataki na tara: gasar farko

Za ka ji usur har kunnenka ya gaji, ka ɗauka rikici ake yi. Yawancinsu ƙananan laifuka ne, a ba wanda aka yi wa ƙwallo ya ci gaba nan take. Babban laifi shi ne riƙewa ko nutsarwa ko janyo wanda ba ya riƙe da ƙwallo. Mai laifin zai yi iyo zuwa kusurwa ya jira kimanin sakan ashirin, ƙungiyarsa ta rage biyar a kan shida, kuma a nan ake cin ƙwallaye da yawa. Wanda aka fitar sau uku ya gama wasan ranar. In an yi laifin da ya hana cin raga a kusa da gola, fenariti ne daga mita 5. Wasan yara an rage masa tsawon fili da na lokaci, wani lokaci har da yawan 'yan wasa.

Kada ka koyar daga benci. Kunnensa a rufe yake da roba, ruwa na ƙara, muryar da ya kamata ya tsinta ta koci ce. A mota ma kada ka buɗe fagen sharhi, miƙa masa abinci kawai.

Gasa kan cinye yini guda, wasa uku ko huɗu da dogon jira a tsakani. Ku tafi da tawul biyu, riga mai kauri ta sawa tsakanin wasanni, ayaba, dabino, burodi, shinkafa a kula. Abincin wurin ba lalle ka samu na halal ba. Yana cikin ruwa amma gumi yake yi, a tuna masa shan ruwa. Ka sa darduma a jaka, ka tambayi masu karɓar baƙi wani ɗaki da ba kowa, ban taɓa neman wurin salla an hana ni ba. Da azumi kuwa, yanzu da yake faɗowa a ƙarshen hunturu, magariba a Ingila na yi kafin yawancin horon dare, sai ya sha ruwa da abu mai sauƙi ya tafi, ya ci mai nauyi in ya dawo. Wasan rana ga wanda ya balaga, da batun ruwan da ke wucewa maƙogwaro, ku tambayi malaminku, ku kuma sanar da koci tun saura wata guda don ya tsara.

Raunukan da aka fi gani su ne yaƙushi, targaɗen yatsa, ciwon kafaɗa, da ciwon kunne saboda ruwan da ya kwanta. A karkata kai a tsane kunne da tawul, kada a zura auduga. In ƙwallo ko gwiwar hannu ta daki kai, musamman gola, yaro ya ce kansa na ciwo ko jiri ko tashin zuciya ko yana gani dishi-dishi, ya fito nan take, kada ya koma ranar ko da wasan ƙarshe ne, sai likita ya gan shi.

In ya kama hanya, za a fara zancen gwajin shiga ƙungiyar yanki da sansanin hutu. Ƙanana na da bikin HaBaWaBa da ake yi duk bazara a Linyano Sabbiyadoro a Italiya, inda kulob daga ƙasashe da dama ke haɗuwa. A Amurka akwai gasar Junior Olympics. Waɗannan tafiye-tafiye na buƙatar fasfo mai sauran kwana, ga mai fasfon Najeriya ko Nijar kuma wataƙila biza, wadda sauran iyayen kulob ba za su tuna da ita ba don su ba ta shafe su ba. Da an sanar da ranar tafiya, ka karɓi wasiƙar gayyata daga sakataren kulob ka nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci a makon nan.